Haɗin gwiwar jami'an tsaro a hare-haren Batsari da Safana

Haɗin gwiwar jami'an tsaro a hare-haren Batsari da Safana shi ne yadda 'yan sanda da sojoji da sauran hukumomi suke raba aiki a tsakaninsu idan an kai harin da ya hallaka mutane da yawa a waɗannan ƙananan hukumomi biyu na yammacin Jihar Katsina, a Najeriya. Aikin ya ƙunshi kai ɗauki, da kwashe waɗanda suka ji rauni, da ƙidayar gawawwaki, da kula da masu gudun hijira. Hukumomin da ke cikinsa suna da yawa, amma ba wuri ɗaya suke karɓar umarni ba, kuma hakan yana shafar saurin isar agaji.

## Yanayin yankin

Batsari da Safana suna cikin ƙananan hukumomi takwas da ake kira na bakin daga a Jihar Katsina. Sauran su ne Jibiya, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Ɗandume da Sabuwa. Dajin Rugu ya ratsa yammacinsu har ya haɗe da dazuzzukan Jihar Zamfara, kuma daga cikinsa ne 'yan bindiga suke fitowa a kan babura. Ƙauyuka da dama ba su da titin kwalta, da damina kuma rafuka sukan yanke hanya. Saboda haka maharan da ke kan babura sukan riga motocin jami'an tsaro isa wuri, su kuma bar shi kafin a iso.

## Hukumomi da ayyukansu

Rundunar 'yan sandan Najeriya ce ke da alhakin farko na tsaron cikin gida. Kowace ƙaramar hukuma tana da babban ofishin 'yan sanda, kuma rahoto yana tashi daga nan zuwa ga kwamandan yanki, sannan ga kwamishinan 'yan sanda a Katsina. Sojojin ƙasa na Birged ta 17 da ke Katsina suna ƙarƙashin Runduna ta 8 mai hedikwata a Sakkwato, sojojin sama kuma suna da nasu shugabanni. Akwai kuma jami'an Sibil Difens da hukumar tsaron farin kaya ta DSS.

Duk waɗannan na gwamnatin tarayya ne. Ana kiran gwamna shugaban tsaron jiharsa, amma sashe na 215 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kwamishinan 'yan sanda damar neman a miƙa umarnin gwamna ga shugaban ƙasa kafin ya aiwatar da shi. Sashe na 217 kuma ya ce sojoji suna taimaka wa hukumomin farar hula ne idan shugaban ƙasa ya kira su.

Agaji yana hannun hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, wadda aka kafa a 1999, da takwararta ta jiha, SEMA. A matakin ƙauye kuwa, labari yakan fara ne daga mai unguwa ko dagaci zuwa ga hakimi, wato Sarkin Ruma a Batsari da Yariman Katsina a Safana.

## Manyan hare-hare

A watan Mayun 2019 'yan bindiga suka kashe mutum 18 a ƙauyen 'Yar Gamji da ke Batsari. Mutanen garin sun ɗauko gawawwakin a mota zuwa birnin Katsina, suka kai su gidan gwamnati da fadar Sarkin Katsina domin nuna fushinsu kan rashin tsaro.

A daren 14 ga Fabrairun 2020 aka kai hari ƙauyukan Tsauwa da Dankar a Batsari. 'Yan sanda sun tabbatar da mutuwar mutum 30, wato 21 a Tsauwa da 9 a Dankar. Yawancinsu tsofaffi ne da yara waɗanda ba su iya gudu ba, an kuma ƙona gidaje da rumbunan hatsi.

A ranar 18 ga Afrilun 2020 aka kai hare-hare cikin dare a lokaci guda kan ƙauyukan Safana da Dutsin-Ma da Ɗanmusa, inda mutum 47 suka mutu. Rundunar 'yan sanda ta ce an tura ayarin haɗin gwiwa na 'yan sanda da sojojin ƙasa da na sama da Sibil Difens da DSS. Harin ya nuna wahalar kai ɗauki wurare da yawa a dare ɗaya.

Masu kai ɗauki su ma sukan faɗa tarko. A ranar 5 ga Yulin 2022 aka yi wa jami'an 'yan sanda kwanton ɓauna a dajin Zakka da ke Safana, aka kashe kwamandan yankin Dutsin-Ma, Aminu Umar.

## Abin da ake yi bayan hari

Aikin farko shi ne tsare wurin da kuma hanyar zuwa gare shi, domin mutanen da suka tsere daji su iya dawowa. Ana kai masu rauni babban asibitin Batsari ko na Dutsin-Ma, waɗanda rauninsu ya yi tsanani kuma a wuce da su Katsina. Dokar da aka sa wa hannu a 2017 ta wajabta wa asibitoci su karɓi mai raunin harsashi ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba.

Ƙidayar mamata tana da wuya. Bisa koyarwar Musulunci ana gaggauta jana'iza, wasu gawawwakin kuma sai bayan kwanaki ake tsintar su a gonaki ko a daji. Wannan na cikin dalilan da ke sa adadin 'yan sanda yakan bambanta da na mazauna gari. Masu gudun hijira sukan fake a makarantu ko gidajen dangi a garin Batsari da Dutsin-Ma da Katsina, inda hukumomin agaji ke raba musu abinci da tabarmi.

## Matakan gyara

A 2019 rundunar 'yan sanda ta ƙaddamar da shirin Puff Adder, sojoji kuma suka kafa rundunar Hadarin Daji, wadda ta haɗa dakarun ƙasa da na sama da sauran jami'an tsaro. A watan Satumbar shekarar Gwamna Aminu Bello Masari ya yi zaman sulhu da shugabannin 'yan bindiga, amma sulhun bai ɗore ba. Gwamnatinsa ta kuma haramta ƙungiyar 'yan sa-kai, waɗanda ake zargi da kashe-kashen da ke jawo ramuwar gayya.

A 2021 gwamnatin jihar ta hana sayar da fetur a jarka da cinikin dabbobi a wasu kasuwanni, sannan a watan Satumba aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Batsari da Safana. An yi haka ne domin raba 'yan bindiga da masu kai musu bayanai, sai dai mazauna ƙauyuka sun koka cewa ba su da hanyar kiran agaji idan an shigo musu. An fara dawo da layukan a watan Disamba.

A watan Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta Jihar Katsina. An ɗauki jami'anta daga cikin garuruwan da rikicin ya shafa, domin su ne suka san hanyoyin dajin, kuma suna aiki tare da 'yan sanda da sojoji. Ita ce rundunar da ke karɓar umarni kai tsaye daga gwamnatin jiha.

## Duba kuma

- Dajin Rugu
- Rikicin 'yan bindiga a arewa maso yammacin Najeriya
- Sace ɗaliban Ƙanƙara na 2020