Daga Sumbuka zuwa Ƙanƙara: Wa ke jin kukan ɗan makaranta?

DUK wanda ya saba kallon finafinan mu na Hausa ya san yadda mu ke nuna mai taɓin hankali: tsumma a jiki, kai buzu-buzu, yara na bin sa da jifa. In kuma yarinya ce 'yar makaranta, to kafin a je ko'ina an ce kishiyar uwa ce ta yi mata asiri, ko kuma ta yi gamo. A kira malam, ya yi tofi, aljani ya yi magana, ya fita, a yi waƙa, fim ya ƙare. Na daɗe ina tambayar kai na: daga ina mu ka samo wannan hoton? Amsar ta na cikin tarihi.

A zamanin Turawa, abin da hukuma ta sani game da mai taɓin hankali shi ne a tsare shi. An buɗe gidan mahaukata a Kalaba a 1904, sannan na Yaba a Ikko a 1907. A nan Arewa kuwa, galibi gidan yarin En'e a ke kai su, su zauna tare da ɓarayi. Dokar mahaukata ta 1916, wadda aka yi wa kwaskwarima a 1958, ba ta damu da waraka ba; damuwar ta kada mutum ya dami jama'a. Yaro kuwa babu ma wanda ya sa shi a lissafi.

Wanda ya fara sauya akalar shi ne Dakta Thomas Adeoye Lambo. A 1954 ya ɓullo da wani tsari a Aro, kusa da Abekuta: majinyaci ya sauka a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin tare da wani ɗan'uwan sa, da rana ya je a duba shi, da dare ya kwana cikin mutane. Lambo har da masu maganin gargajiya ya yi aiki. Hujjar sa ita ce mutum ba ya warkewa sosai in an raba shi da dangin sa. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

A ɓangaren makarantu, a 1959 wasu malamai mata 'yan Katolika a wata sakandaren 'yan mata a Ibadan su ka fara gayyato mutane su ba ɗalibai shawara kan sana'ar da za su kama. Daga nan abin ya girma, har manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a samar da malamin ba da shawara a makarantun gaba da firamare. A 1991 kuma gwamnati ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan ƙananan asibitoci. A takarda kenan. A makarantar da na yi, akwai ofis mai wannan sunan, amma malamin lissafi ne ke riƙe da makullin, kuma ba mu zuwa sai an kama mu da laifi.

To, sai ga Sumbuka. Wajen ƙarshen 1995, ɗaruruwan 'yan mata a makarantun sakandare na Kano su ka riƙa faɗuwa, su na ihu, wasu ƙafafun su su riƙe. Masu bincike da su ka bi lamarin sun rubuta cewa wasu daga cikin su kan tashi su yi rawa irin ta fim ɗin Indiya. Ba a haife ni ba a lokacin, amma gwaggo na ta na makarantar kwana, kuma har gobe in ta na ba da labarin muryar ta kan canza. Malamai su ka ce aljana ce mai suna Sumbuka, aka shiga ruƙiyya, wanda daga nan ne ma ta ƙara yaɗuwa a gari. Likitoci kuwa sun san irin wannan a ƙasashe da dama: firgici da damuwa kan bi ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, musamman a makarantun kwana. Abin da gwaggo ta ce ya fi yi mata ciwo shi ne babu wanda ya zaunar da su ya ce, "Me ke damun ku?" A daidai shekarun ne finafinan bidiyo ke tasowa a Kano, don haka ba mamaki da hoton ya bi mu har cikin kaset.

Iyayen da su ka rasa inda za su kai yaro mai shaye-shaye ko wanda ya gagara, sai su ka koma makarantun mari. A watan Satumba 2019 'yan sanda su ka shiga wani gida a Rigasa, Kaduna, su ka fito da mutum sama da 300, cikin su har da ƙananan yara, wasu da sarƙa a ƙafa. Yawancin su iyayen su ne su ka kai su da hannun su, har su na biyan kuɗi. Ba ƙiyayya ba ce, rashin mafita ne.

Sannan ga satar ɗalibai: Cibok a 2014, Dapci a 2018, Ƙanƙara a 2020, Jangebe a 2021. Waɗanda Allah ya kuɓutar, an ɗauke su hoto, an miƙa su ga iyaye. Amma yaron da ya kwana a daji da bindiga a kan sa, shi ne zai riƙa firgita cikin barci, ya daina cin abinci, ya ƙi jinin makaranta. Wannan ciwo ne, kuma ya na da magani.

Sai a Janairu 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin ta 1958, ta kuma amince cewa mai wannan larurar ya na da haƙƙi kamar kowa. Shekara sittin da biyar aka yi ana jira!

Mai karatu, idan ka ga ɗan ka ko ƙanwar ka ta sauya, ta daina magana, karatu ya ja baya, ko ta na yawan faɗuwa, fara da zama da ita ba tare da tsawa ba. Ka je makaranta ka ji ta bakin malamai. Ka kai ta asibiti a duba, don farfaɗiya da zazzaɓi mai taɓa ƙwaƙwalwa kan yi kama da abin da mu ke kira iska. In ta kama a ga ƙwararru, akwai su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Dawanau, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, asibiti bai hana addu'a.

Ku kuma 'yan fim da marubutan mu, iyaye na kallon ku fiye da yadda su ke sauraren likita. Ko sau ɗaya a nuna mana uwar da ta riƙe hannun 'yar ta zuwa asibiti, yarinyar ta samu sauƙi, ta koma aji ta zana jarrabawar ta. Allah ya ba marasa lafiyar mu lafiya, amin.