ZARE: Yadda ɗalibai biyu da malaminsu suka sayar wa Google kamfanin da ba shi da haja

1/ Jama'a, ku matso. Duk mai amfani da ChatGPT ko Gemini ya kamata ya san cewa ba a ofishin kamfani aka fara dafa wannan tuwon ba. A jami'a aka hura wutar. Ni ɗalibi ne, kuma ina ganin tarihin ya shafe mu.

2/ A 1986 Geoffrey Hinton da abokan aikinsa biyu, David Rumelhart da Ronald Williams, suka wallafa bincike kan yadda kwamfuta za ta riƙa koyo daga kurakuranta, da tsari mai kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa. A 1987 ya koma Jami'ar Toronto a Kanada.

3/ Shekara da shekaru masana da yawa na kallon hanyar a matsayin ɓata lokaci, don kwamfutocin lokacin ba su da ƙarfi, bayanan koyarwa kuma ba su da yawa. Wata cibiyar bincike ta Kanada mai suna CIFAR ce ta riƙe masu wannan aiki da tallafi daga 2004.

4/ A Amurka kuma, Fei-Fei Li da tawagarta a Jami'ar Princeton suka ce matsalar ita ce na'ura ba ta ga duniya sosai ba. Suka gina ImageNet, rumbun hotuna da aka rubuta wa kowanne sunan abin da ke ciki. An gabatar da shi a 2009, daga baya ya haura hoto miliyan 14.

5/ Wa ya zauna ya tantance hotunan? Dubban mutane a ƙasashe daban-daban, ana biyansu 'yan kuɗi ƙalilan ta dandalin Mechanical Turk na Amazon. Ku riƙe wannan, zan dawo kai.

6/ Sai 2012. Ɗaliban Hinton biyu, Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever, suka shiga gasar ImageNet: hoto miliyan 1.2, rukuni 1,000. Kayan aikinsu katin hoto biyu ne na Nvidia, irin na masu wasan gem. Kwana biyar zuwa shida na'urar ta yi tana koyo.

7/ Sakamako: kuskurensu kashi 15.3 cikin 100, na biyu kuma kashi 26.2. Wannan ba tsere ba ne, kora ce. Tsarin ya yi suna da AlexNet.

8/ Su ukun suka kafa kamfani, DNNresearch. Ba haja, ba kwastoma, sai ƙwaƙwalensu. A Disambar 2012 aka yi gwanjo: Google, Microsoft, Baidu na ƙasar Sin da DeepMind. Google ta ɗauka a kan dala miliyan 44. Cikin 'yan watanni fasahar ta shiga binciken hotuna na Google.

9/ Kun ga rabon aikin? Jami'a ta yi haƙurin sama da shekara 25, kamfani ya kawo injina da kuɗi da miliyoyin masu amfani. Mahaƙurci ya dafa dutse, amma wa ya sha romon?

10/ Idan an yi haɗin da kyau, kowa na samu. Misali AlphaFold na DeepMind: ya koyi siffar furotin daga rumbun da masana suka fara tarawa tun 1971, ya yi zarra a gasar CASP ta 2020, sannan tare da cibiyar EMBL-EBI aka saki hasashen siffofi sama da miliyan 200 kyauta a 2022.

11/ Amma akwai ɗaya gefen. Kamfanoni sun kwashe manyan malamai da albashin da jami'a ba za ta iya biya ba. Da OpenAI ta fito da GPT-4 a 2023, ta ƙi bayyana girmansa da bayanan da aka koyar da shi. Ilimin da ya tashi a fili ya fara shiga ɗaka.

12/ Hinton kansa ya bar Google a 2023 don ya samu sakewar magana kan haɗarin ƙirƙirarriyar basira. A 2024 ya samu kyautar Nobel a fannin fiziks tare da John Hopfield.

13/ Ina ruwanmu? A 2022 masu bincike, ciki har da na Jami'ar Bayero, suka fitar da NaijaSenti: rubuce-rubucen Twitter na Hausa, Yarbanci, Igbo da Pidgin, an tantance na yabo da na suka. Irin aikin ImageNet ne a harshenmu, kuma daga rubutu irin namu aka tara shi.

14/ Ra'ayina: duk ranar da kamfani ya zo jami'armu neman haɗin gwiwa, a yi maraba, amma a yi tambaya tun kafin sa hannu. Wa ya mallaki bayanan? Za a wallafa sakamakon? Ɗalibai za su koyi gina tsarin, ko tantance bayanai kawai za su yi kamar mutanen lamba 5?

15/ A sashenku akwai irin wannan haɗin? Kun taɓa ganin takardar yarjejeniyar? Ku faɗa mini a ƙasa.