Yadda Japan ke zaɓen 'yan gudun fanfalaki zuwa Olamfik

Ƙa'idar wasannin Olamfik ba ta bai wa kowace ƙasa damar tura fiye da maza uku da mata uku a gudun fanfalaki mai tsawon kilomita 42.195 ba. A Japan, inda gwanayen gudu suke da yawa, rabon waɗannan gurabe ya daɗe yana haddasa ce-ce-ku-ce, domin a da hukumar guje-guje kan kwatanta sakamakon tsere daban-daban ne, alhali yanayinsu da hanyoyinsu ba ɗaya ba.

A 2017 hukumar ta ɓullo da tseren tantancewa guda ɗaya, MGC, wanda ba ya karɓar kowa sai wanda ya cika sharuɗɗa a wasu manyan tsere. A tsarin da aka fara da shi, na ɗaya da na biyu ne ke samun gurbi. Gurbi na uku na wanda ya cim ma wani lokaci mai tsauri ne a tseren da suka biyo baya. Idan ba a samu ba, wanda ya zo na uku a MGC ya ɗauka.

An gudanar da na farko a Tokyo ranar 15 ga Satumba, 2019, inda Shogo Nakamura da Honami Maeda suka yi nasara. Suguru Osako, da ya zo na uku, ya tabbatar da gurbinsa a Maris 2020 bayan ya kafa sabon tarihin ƙasa: awa 2, minti 5, daƙiƙa 29.