Zubin Dara: Mai Kai Hari da Mai Tsare Gida

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta, ko ya ratsa ƙasar Bichi da Dawakin Tofa da Minjibir, zai ga gona tana manne da gona, ba dajin da ya rage a tsakani. Tun kaka da kakanni ake noma ƙasar nan kowace shekara ba hutu, taki ne ke riƙe da ita, har da wanda a da jakuna suka riƙa ɗaukowa daga birni. To, in an gama girbi, an kai gero da dawa rumbu, sai manoma su sami sarari. A lokacin nan ne za ka tarar da dattawa a gindin tsamiya ko rimi, sun haƙa 'yan gurabu a ƙasa, suna dara.

Gurabun talatin ne, jere biyar, kowane jere gurbi shida. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, wannan ya ɗauki karare, wancan ya ɗauki tsakuwa. Da farko zubi ake yi, kowa ya sa ɗa guda, abokinsa ya sa guda, har su ƙare, ba a kuwa yarda mutum ya jera uku a lokacin zubi ba. Sa'an nan a shiga tafiya, ɗa ya gusa gurbi guda, gaba ko baya ko gefe. Wanda ya jera uku ya ci, sai ya ɗauke ɗan abokinsa guda. Wasan bai tsaya ga Hausawa ba, Dakarkari suna yinsa, Zabarmawan Nijar kuma suna kiransa dili.

Mai karatu ya lura da lissafin nan. 'Ya'ya 24 a gurabu 30, watau in an gama zubi gurbi shida kaɗai ke sauran babu kowa. Gurabu 12 na tsakiya kowane yana da ƙofa huɗu, na gefe ƙofa uku, na kusurwa biyu tak. Saboda haka yawancin wasan a zubi ake cinsa ko a faɗi, tun ba a gusa ɗa ko guda ba. A nan ne 'yan dara suka kasu biyu. Akwai mai tsare gida, wanda duk inda abokinsa ya sa biyu sai ya toshe, ya bi shi sawu da ƙafa har ya ƙosa ya yi kure. Akwai kuma mai kai hari, wanda yakan bar wata ƙofa a buɗe da gangan, ya yarda a ci masa ɗa guda ko biyu, don ya sami abin da ake kira doki. Doki kuwa 'ya'ya biyar ne, biyu a wannan jere, biyu a na kusa da shi, na biyar yana kai da kawowa tsakaninsu, duk inda ya sauka ya cika uku. Wanda ya hau doki, in ba a karya shi da wuri ba, zai cinye abokinsa ɗaya bayan ɗaya. In kuwa lissafin ya kuskure masa da gurbi guda, shi ne dara ta ci gida.

Wannan gardama ta tsufa ƙwarai, ba a ƙauyukan Kano ta fara ba. Wasan da Larabawa ke kira shaɗaranji ya taso daga Indiya wajen ƙarni na 6, ya bi ta Farisa ya shiga ƙasar Larabawa. A Bagadaza, zamanin Halifa Muktafi, wanda ya yi mulki daga 902 zuwa 908, an yi wani gwani ana ce da shi Suli. Da yake 'ya'yan wasan na lokacin ba su da saurin tafiya, kowa yakan fara ne da shirya rundunarsa ta wani tsari sananne, wanda suke kira ta'abiya, watau jeren yaƙi. Kowane tsari da sunansa, akwai Mujannah, mai fukafukai ke nan, akwai Sayyal, mai kwarara kamar ambaliya. Ashe zubi ne dai da wani suna. Wasan nan ya iso kusa da mu, don kuwa a 1934 wani Bature, C. K. Meek, ya rubuta labarin yadda manyan Barno ke yinsa da sunan tsatsarandi, 'ya'yan suna ɗauke da sarautun ƙasar, Mai da Ciroma da Kaigama.

Turawa suka karɓi wasan ta hanyar Andalus. Wajen ƙarshen ƙarni na 15 suka ƙara wa ɗan da ke kusa da sarki ƙarfi, suna ce masa sarauniya, sai wasa ya yi zafi tun daga farkonsa. Aka daɗe ana ganin jarumi shi ne mai ba da dakare guda kyauta a tafiya ta biyu don ya buɗe hanyar hari. A 1851 aka yi gasar farko ta ƙasashe a London, wani malamin lissafi Bajamushe, Adolf Anderssen, ya cinye ta. A kwanakin ne ya yi wasansa da Kieseritzky wanda har yau ake koya wa yara, inda ya ba da manyan 'ya'yansa huɗu, har da sarauniya, ya kuma yi nasara. Amma ga abin da ba a cika faɗa ba, wasan nan ba cikin gasar aka yi shi ba, na hira ne, ba kuɗi ba kambi.

Daga baya Wilhelm Steinitz, wanda ya zama gwanin duniya a 1886, ya koyar cewa hari ba shi halatta sai mutum ya tara 'yan fifiko kaɗan kaɗan tukuna. Masu tsare gida suka yi rinjaye shekaru da yawa. A 1960 wani saurayi daga Riga, Mikhail Tal, ya ƙwace kambi daga hannun Botvinnik da irin harin da dattawa ke cewa hauka ne. Shekara guda kawai ya yi da shi, a 1961 Botvinnik ya shiryo masa, ya karɓe abinsa.

Abin da ke sa mutum ya zaɓi zubin hari a gasa, ni a ganina, ba halinsa kaɗai ba ne, dokar wurin ce. A gasar shaɗaranji wanda ya ci yana da maki guda, kunnen doki rabi ne. Wanda ke baya a rana ta ƙarshe, rabi ba ya yi masa amfani, tilas ya buɗe ƙofa ko da za a shigo masa ta nan. Haka abin yake a gindin tsamiya, inda al'ada ita ce wanda aka ci ya tashi wani ya zauna. Dattijon da ya riƙe wuri tun hantsi ba shi da gaggawa, toshewa ta ishe shi, ya san na gabansa zai gaji. Baƙon da ya zo cin kasuwa daga wani ƙauye kuwa zama guda gare shi, ga mutane sun kewaye, ga sunan garinsu a bakin kowa. In ya bi dattijon a hankali, sanin gurbi zai kashe shi, don dattijo ya fi shi shekaru a kan wannan ƙasa. Shi ya sa za ka ga baƙo ya ruga tsakiya tun ɗan farko, ya bar gefe, yana neman doki kafin mai gida ya gane inda ya nufa, 'yan kallo kuwa suna ta gyaran murya, kowa yana so ya faɗa an hana shi.