Kalmar “Hari” a Tarihin Ƙasar Katsina

Ba kowane karon makamai Bahaushe ke kira yaƙi ba. Yaƙi shi ne wanda sarki ke fita da rundunarsa, a kafa sansani, a ja daga, kamar yadda aka yi a Gawakuke a 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya Gobirawa da Katsinawan Maraɗi. Abin da bai kai haka ba shi ne hari.

Kalmar hari ta fito ne daga aikatau “hara”, wato nufar wuri a auka masa. Daga nan aka sami “mahari” da “mahara”. Mahara mahaya ne ƙalilan da ke faɗa wa gari ba zato, su kwashi dabbobi da mutane, su juya. Ganima ce bukatarsu, ba cin ƙasa ba.

Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, zuriyar tsofaffin sarakunanta ta kahu a Maraɗi. Da yaƙi ya kasa mayar musu da birnin, sai suka dogara ga hari, suna ratsowa ta dajin Rugu har ƙasar Kano. Wannan ne ya sa talakan tsakiyar Katsina, wajajen Kankiya da Kusada da Dudunni, ya fi fargabar hari, domin yaƙi da sanarwa yake zuwa, hari kuwa a gona yake riskar mutum.

Wajibi ne mai fassara tarihi ya kiyaye wannan bambanci.