Daga Matoyar Masaga zuwa Allon Talabijin

Wanda ya sauko daga duwatsun Kwaja zuwa kasuwar Mubi, ya tsaya gaban masu sayar da talabijin yana ta'ajjubin yadda jan allon yake ja zur, korensa kuma shar, da wuya ya raya a ransa cewa asalin wannan hikima yana komawa ga sana'ar da ta ba kakanninsa mata ƙarau, wato narka gilashi da rina shi.

Masagan Bida, waɗanda a riwayarsu suke danganta kansu da Misra, kuma Bature Nadel ya bayyana sha'aninsu a littafinsa na 1942, sun daɗe suna haɗa rairayi da kanwa cikin wuta suna fitar da gilashi, kafin kwalaben Turawa su yawaita su koma narka su. Fatake kuwa suka yi ta yawo da ƙarau da duwatsun wuya kasuwa-kasuwa. Masu irin wannan sana'a a ƙasashe da dama sun lura tun zamanin da cewa sinadari guda yakan ba da launi dabam-dabam gwargwadon zafin wuta da daɗewarsa cikinta, alhali kuwa ba wanda ya san dalilin haka.

Sai a 1981 wani masani a Leningirad, Aleksei Ekimov, ya tabbatar da hujja cewa sirrin yana ga girman waɗansu ƙwayoyi da ke tsirowa cikin gilashin, masu ƙanƙantar da faɗinsu bai wuce nanomita kaɗan ba, nanomita kuwa kashi ɗaya ce cikin biliyan na mita: idan ƙwayar ta ƙanƙance haskenta ya karkata ga shuɗi, idan ta girma ya karkata ga ja, ko da yake jauharinta bai sāke ba. Louis Brus ya ga haka cikin ruwa a Amurka a 1983, Moungi Bawendi ya gano hanyar ƙera su daidai wa daida a 1993, su ukun kuma aka ba lambar Nobel a 2023. A talabijin, fitila shuɗiya ce a baya, ƙwayoyin su sha haskenta su mayar da shi ja da kore.

Amma fa ƙwayoyin da kamfanin Sony ya fara sa wa talabijin a 2013 na kadmiyam ne, ƙarfe mai dafi da ke lahanta ƙoda da ƙashi, wanda dokar Tarayyar Turai ta ƙayyade shi ƙwarai a kayan lantarki. Mu da muke rambaɗa wa jarirai tozalin da galibinsa darma ce bai kamata mu yi mamakin haɗuwar ado da guba ba. A 2015 Samsung ya fito da nasa na indiyam da fosfaras, marasa kadmiyam, waɗanda da fari launinsu bai kai na farko tsabta ba, sai da aka inganta ɓawon sinadarin zinki da ke lulluɓe kowace ƙwaya kafin ya kusanto shi.