Daga Shan Inna Zuwa Ciwon Damuwa: Yadda Doki Ya Shiga Harkar Magani

 Mu a nan in an ce doki, hawan sallah ne ke faɗo mana a rai, ko kilisa, ko angwanci. To yau labarin wani doki ne daban, kuma daga ƙasar Denmak zai faro.

A 1944 cutar shan inna ta kama wata mahayiya mai suna Lis Hartel. Shekarunta 23, ga juna biyu. Ta haihu lafiya, amma daga gwiwa zuwa ƙasa ƙafafunta ba su sake aiki ba. Duk da haka ta koma kan sirdi. Sai an ɗaga ta an ɗora, sai an sauke ta.

Wasan da take yi shi ne na sarrafa doki ya riƙa taku iri-iri kamar mai rawa, kuma da ƙafa ake yi wa dokin yawancin ishara. Ku duba fa, abin da ta rasa shi wasan ya fi buƙata. A gasar Olamfik ta 1952 a Helsinki, karon farko da aka bar mata su kara da maza a wannan wasa, ita da dokinta Jubilee suka ci azurfa. Wanda ya ci zinare, Henri Saint Cyr na Suwidin, shi ya tallafe ta zuwa wurin karɓar lamba. A 1956 ta sake cin azurfa.

Nasararta ta ƙarfafa wa masu gashin ƙashi a Turai gwiwa su riƙa ɗora yara masu shan inna a kan doki, domin takun doki yana motsa ƙugun mahayi kusan yadda tafiya da ƙafa ke yi. A 1969 aka kafa ƙungiyoyin hawan doki don masu nakasa, RDA a Birtaniya da NARHA a Amurka.

Jiki aka je gyarawa. Amma masu aikin suka riƙa lura da wani abu: yaron da kullum daga ƙasa yake kallon mutane, yau shi ne a sama, linzami a hannunsa. Fuskarsa ma sai ta canza.

Daga nan hankali ya karkata ga zuciya. A 1999 aka kafa EAGALA a Amurka, kuma a tsarinsu ba a ma hawa dokin. Kana ƙasa, kai da shi, ga mai kula da doki, ga masanin lafiyar ƙwaƙwalwa. Doki dabba ce da namun daji ke farauta, don haka ba ya wasa da motsin wanda ya tunkaro shi. Ka zo jikinka a ɗaure kana cewa “lafiya lau”, ya ja da baya. Daga wannan ja da bayan ake buɗe hira. Tsofaffin sojojin Amurka da suka dawo daga Iraƙi da Afganistan da firgicin yaƙi suna cikin waɗanda aka yi wa wannan.

Amma fa kar mu zuzuta. Yawancin binciken da aka yi a kan ɓangaren ƙwaƙwalwa da mutane kaɗan aka yi shi, ga tsada. Ni dai ba zan ce wa mai ciwon damuwa ya ajiye maganin likita ya nufi barga ba. Ita kanta Lis Hartel, da ta rasu a 2009, doki bai dawo mata da ƙafafunta ba.